Sauke Ƙafar Ƙaramar Mota a Gida: Yadda Ake Yi da Haɗarin da Ke Ciki

A ƙasar Jamus, da Amurka, da Japan, akwai samari masu wata irin sha'awa. Sai mutum ya sayi ƙaramar mota lafiyayya, ya kai ta gida, ya kwance ƙafafunta, ya sa ta yi ƙasa-ƙasa kamar kunkuru. Direban ƙauye zai yi mamakin wannan, domin shi kullum so yake motarsa ta ƙara tashi. To, amma irin waɗannan motoci sukan shigo cikin 'yan Kwatano, kuma wasu samarin birni suna kwaikwayon abin. Saboda haka ya kamata jama'a su san yadda aikin yake.

Abin da ke ɗauke da mota

Jikin mota ba a kan taya yake zaune kai tsaye ba. Tsakanin jiki da kowace taya akwai sifirin, wato ƙarfen nan mai murɗiya. Shi ne yake ɗauke da nauyin mota. Tare da shi akwai shokazoba. Aikinta shi ne ta hana mota yin tsalle-tsalle bayan ta faɗa rami. Waɗannan da sauran ƙarafan da ke riƙe da taya su ne makanikai suke kira ƙafar mota.

A yawancin ƙananan motoci, kamar Volkswagen Golf, shokazoba ta gaba tana cikin sifirin, an ɗaure su wuri guda. Golf dai motar Jamus ce. An fara ƙera ta a 1974, kuma a yau tana cikin motocin da suka fi jigilar mutane da kaya a Arewa.

Tsawon sifirin da taurinsa su ne suke nuna yadda mota za ta tashi daga ƙasa. Wanda yake son sauke motarsa sai ya cire sifirin da ta zo da shi daga kamfani, ya sa wani gajere mai tauri. Kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus suna ƙera irin wannan sifirin, kowace mota da nata. Yawanci yakan sauke mota da santimita 3 ko 4, wato kamar faɗin yatsu biyu.

Me ya sa suke yi?

Kowa ya san babbar mota da aka labta wa kaya har sama. In ta zo kwana sai ta karkata, wani lokaci ma ta faɗi. Wadda kayanta suke ƙasa ba ta yin haka. Ita ma ƙaramar mota, in nauyinta ya matso kusa da ƙasa, ba ta karkata sosai a kwana. Shi ya sa motocin tsere suke manne da kwalta.

Amma gaskiyar magana, yawancin masu yin wannan aiki ba tsere suke yi ba. Ado ne kawai. A birnin Los Anjeles na Amurka, 'yan asalin Meziko sun fara wannan ado tun shekarun 1940. Abin ya yi yawa har jihar Kalifoniya ta yi dokar hana sauke mota fiye da kima a ƙarshen shekarun 1950. Sai a farkon 2024 aka soke dokar. A Jamus kuwa ba a hana ba, amma dole sifirin ya kasance wanda hukuma ta amince da shi, in ba haka ba mota ba za ta wuce binciken lafiyarta ba.

Kafin a ɗaga mota

Aikin yana son jak, da sifanoni, da ƙafafun ƙarfe guda biyu masu tokare mota, da kuma wani ƙarfe mai matse sifirin. Wanda ba shi da ƙafafun tokarewa ko ƙarfen matsewa, kada ya fara.

Ana ajiye mota a wuri mai tauri wanda ba gangare, kamar daɓen siminti. A kan yashi jak yakan nutse ko ya zame. Sai a ja birkin hannu, a tare tayoyin da ba a taɓa ba da katako. Daga nan a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin jikin mota, a rubuta a takarda. Wannan awon ne zai nuna ko motar ta sauka daidai bayan an gama.

Ana sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga da jak, a zaunar da motar a kan ƙafafun ƙarfe. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Bulo kuma ba abin dogara ba ne, domin yakan fashe farat ɗaya ba tare da ya ba da alama ba. Ƙaramar mota takan kai kilo 1000, wato buhu goma na masara. In ta faɗo wa mutum a ƙirji, kafin a nemo masu ɗagawa ya riga mu gidan gaskiya.

Wurin da haɗari ya fi yawa

Bayan an cire taya, sai a zare tiyon birki da wayoyi daga inda suke maƙale a jikin shokazoba, don kada a tsinka su. A yi alama da fenti a wurin da ƙarafa suka haɗu. A kwance notocin ƙasa, sannan waɗanda suka riƙe ta da jikin mota a sama, a fito da shokazoba da sifirin ɗinta a haɗe.

A nan ne mai aiki yake bukatar natsuwa. Lokacin da mota take tsaye, kowane sifirin na gaba yana ɗauke da kusan kilo 300. Ko bayan an fito da shi, bai saki jiki duka ba. Yana nan a matse kamar bakan da aka ɗana. Noti ɗaya ne tak a kan shokazoba yake riƙe da shi. Wanda ya kwance wannan noti haka kawai, sifirin zai yi tsalle tare da murfinsa. Yakan karya hannu ko muƙamuƙi, yakan fasa ido, yakan yi kisa.

Don haka sai an fara ɗaura ƙarfen matsewa. Guda biyu ne, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, suna fuskantar juna. Ana ɗaure wannan kaɗan, a koma wancan kaɗan, don kada sifirin ya lanƙwashe ya kufce. Sai an ga ya daina tokare murfinsa, yana juyawa da hannu, sannan a taɓa notin sama. A duk tsawon wannan lokaci ba a sa fuska ko ƙirji a saitin bakin sifirin, kuma a kori yara daga wurin. Igiya, ko waya, ko robar taya ba sa maye gurbin wannan ƙarfe.

In an cire tsohon sifirin, a sassauta shi a hankali kafin a ajiye. Sabon kuma yana da sama da ƙasa. Bakinsa yana da gurbin da yake zama a ciki, in bai zauna daidai ba zai riƙa ƙara. Sai a mayar da komai yadda aka cire shi.

Na baya ya fi sauƙi a motocin da sifirin yake daban da shokazoba. Ba a canja gefe ɗaya a bar ɗaya. Notocin da suke riƙe da robobin ƙafa kuwa ba a gama ɗaure su sai mota ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robobin za su yage da wuri.

Wasu sukan nemi araha, su yanke tsohon sifirin da zarto, ko su gasa shi da wutar walda har ya zauna. Wannan ganganci ne. Wanda aka yanke yakan fita daga gurbinsa in mota ta faɗa rami. Wanda aka gasa kuwa ƙarfinsa ya lalace, yana iya karyewa ana cikin gudu.

Aikin bai ƙare a gida ba

Mota in ta sauka, tayoyinta sukan ɗan karkata, su daina fuskantar gaba sosai. Dole a kai ta wurin masu daidaita taya, abin da direbobi suke kira alaimen. In ba a yi ba, cikin 'yan watanni gefen ciki na sabuwar taya zai cinye, sitiyari kuma ya riƙa ja gefe. A duba fitilun gaba, domin saitinsu yakan canja. Bayan kwana kaɗan a sake bin notoci, a sake awo.

Akwai kuma wani kuɗin da yake biyo baya. Gajeren sifirin yana rage wa shokazoba wurin motsi. Tsohuwar shokazoba ba ta jimrewa, sai ta fara yoyon mai. Masu hali sukan sayi sabuwa wadda aka yi domin gajeren sifirin.

Hanya ce take yanke hukunci

Ƙananan motoci da yawa tsakanin cikinsu da ƙasa bai wuce santimita 13 zuwa 15 ba. In an rage 4, abin da ya saura kamar faɗin tafin hannu ne. A sa fasinja da buhuna, sai ta ƙara sauka. A kan shimfiɗaɗɗen titin Jamus wannan ba matsala ba ce. A kan burji mai gargada, ko hanyar da ruwan damina ya zaizaye, ko tudun rage gudu na bakin kasuwa, cikin motar ne zai riƙa dukan ƙasa.

Abin da yake fara shan wahala shi ne salansa, da kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. In dutse ya fasa kaskon, mai zai tsiyaye. In direba bai lura da jar fitila ya tsaya ba, inji zai buga. Kuɗin gyaran inji ya ninka kuɗin sifirin sau da yawa. Ga kuma marar lafiya ko mai naƙuda da za a bari a tsakiyar daji.

Dattawan direbobi suna tuna Peugeot 504, wato Fijo. An buɗe kamfanin haɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma an daɗe ana haɗa 504 a can bayan Faransa ta daina. Abin da ya sa aka so ta shi ne ƙafarta mai laushi da tashinta daga ƙasa. Masu haya da Golf su ma ƙara ƙarfin sifirin baya suke yi don kaya, kodayake in an wuce kima mota takan rasa daidaito a kwana.

Mai sayen 'yar Kwatano yana iya gane wadda aka sauke. Ya duba tsakanin saman taya da bakin jikin mota. In yatsu biyu ba sa shiga, da alama an sauke ta, ko kuma sifirin ya mutu. Ya leƙa da tocila. Sifirin kamfani yawanci baƙi ne, na saukewa kuwa sau da yawa yakan zo da fenti ja, ko shuɗi, ko rawaya. Ya duba kaskon mai da salansa ko akwai alamar gurzuwa. In ya ga haka, sai ya nemi ragi daidai da kuɗin sifirin huɗu irin na kamfani da ladan bakanike, tun kafin ya biya.