YAƘIN SHEKARA 1,143: Littafin Da Mazan Jiyan Biyetnam Suka Ga Kansu A Ciki

Kamfanonin ɗab'i har 18 ne suka mayar wa wani tsohon sojan Amurka mai suna Joe Haldeman da littafinsa, kafin kamfanin St. Martin's na birnin New York ya yarda ya buga shi a cikin shekarar 1974. Hujjar da suka riƙa ba shi, kamar yadda shi da kansa ya bayyana daga baya, ita ce wai jama'a sun gaji da labarin yaƙin Biyetnam, ba mai sayen littafi a kansa. Abin mamaki kuwa shi ne, yaƙin da ke cikin littafin can tsakanin taurari ake yinsa, da waɗansu halittu da ba 'yan Adam ba. Amma duk da haka masu kamfanonin nan ba su yi kuskuren karatu ba. Biyetnam ɗin ce dai, an yi mata lulluɓi.

Sunan littafin The Forever War, watau Yaƙin Har Abada. Yana cikin irin littattafan nan da ake kira ƙagaggun labaran kimiyya, inda marubuci kan ɗauki wani abu da masana suka gano, ya gina labari a kansa, ya kai shi wani zamani mai zuwa ko wata duniya dabam. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya ɗanɗani irinsu. To, a ƙasar Amurka irin wannan adabi yana da reshe guda wanda ba ya maganar kome sai soja da yaƙi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka raya shi mutane ne da suka taɓa sa kaki. Cikin masu karanta shi ma mazan jiya suna da yawa, kuma abin da ya fi jan hankalinsu sau da yawa ba bindigogin wuta da jiragen sama jannati ba ne.

Shi Haldeman an haife shi a 1943. Ya karanta ilmin fiziya da na taurari a Jami'ar Maryland, ya gama a 1967, a cikin shekarar kuma gwamnati ta kira shi aikin soja na tilas. Aka tura shi tsaunukan tsakiyar Biyetnam ta Kudu a rukunin injiniyoyin fagen fama, waɗanda aikinsu ya haɗa da harkar nakiyoyi. A 1968 fashewar wasu makamai ta ji masa munanan raunuka, aka ba shi lambar da Amurka ke bai wa sojan da ya zubar da jininsa. Da ya komo gida ya fara rubuta labarin abin da ya gani ƙarara, ba kwana-kwana, a wani ɗan littafi mai suna War Year da ya fito a 1972. Littafin bai yi wani tashe ba. Sai da ya ɗauke labarin ya kai shi sararin sama sa'an nan aka saurare shi, har ya ci manyan kyaututtuka biyu na wannan fanni, watau Nebula da Hugo.

LOKACIN SOJA DA LOKACIN GIDA

Jigon labarin ya tsaya ne a kan wani abu da masanin nan Albert Einstein ya bayyana tun farkon ƙarni na 20. Haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. In wani abu ya yi gudun da ya kusa kai wannan, lokaci zai riƙa tafiya a hankali gare shi in an gwada da wanda ke zaune wuri ɗaya. Matafiyi sai ya ƙirga watanni, alhali na gida sun ƙirga shekaru. Wannan ba tatsuniya ba ce, an sha gwada ta da agoguna masu matuƙar daidaito, illa dai bambancin da ake samu a jiragen zamanin nan bai taka kara ya karya ba.

Tauraron labarin, William Mandella, ɗalibin fiziya ne da aka ɗiba soja a 1997. Marubucin ya ce ya zaɓi wannan shekara ne don hafsoshin da ke cikin labarin su zama mutanen da suka yi yaƙin Biyetnam. Mai lura zai ga har sunan Mandella ɗin kusan haruffan sunan Haldeman ne aka jujjuya, abokiyar zamansa a soja kuwa, Marygay Potter, sunan matar marubucin ta ci. Aka ba su horo mai tsananin da ya kashe waɗansu tun ba su ga abokin gāba ba, aka tura su wata duniya mai nisa. Karon farko da suka yi da halittun da ake kira Tauran ba yaƙi ba ne, kisan gilla ne, gama halittun ba su ma yi wata turjiya ba, su kuwa sojojin an riga an cusa musu ƙiyayya a ƙwaƙwalwa ba da saninsu ba, kalma kawai aka faɗa suka haukace.

Da Mandella ya dawo, a lissafinsa shekara biyu ko kusa da haka ya yi. A duniya kuwa an yi fiye da shekara 25. Ya tarar ana rabon abinci da kati, aikin yi ya yi wuya, mutum ba ya fita sai da makami ko mai tsaron lafiya. Mahaifiyarsa ta tsufa, da ciwo ya kama ta kuma aka hana ta magani, domin a ma'aunin hukuma ba ta da sauran amfani. Albashinsa ya taru ya yi tsiri a banki, amma ba shi da wanda zai zauna da shi su fahimci juna sai Marygay. Ƙarshenta su biyun suka koma sojan da suka tsana, bisa alkawarin za a ba su aikin koyarwa a duniyar wata. Aka kuwa cika alkawarin, suna isa aka miƙo musu takardar canjin wurin aiki zuwa fagen fama. Duk ma'aikacin da ya taɓa karɓar takardar canji da bai nema ba zai gane wannan, balle soja.

Me ya sa wannan ya taɓa zuciyar waɗanda suka yi Biyetnam? Sai an dubi yadda aka gudanar da yaƙin. A Yaƙin Duniya na Biyu yawanci soja kan tafi da rundunarsa, ya komo tare da 'yan'uwansa soja a jirgin ruwa, su yi kwanaki ko makonni a teku suna hira, suna sauke abin da ke ransu kafin su iso. A Biyetnam kuwa kowane soja da tasa shekara guda, na rundunar kundunbala ta ruwa kuma wata 13. Ranar da ya sauka yake fara ƙirga kwanakinsa. Ranar da suka cika sai a cire shi shi kaɗai daga cikin abokansa, a sa shi a jirgin sama, cikin kwana biyu ko uku ga shi a ƙofar gidansu. Sojojin kan kira Amurka da sunan Duniya kawai, kamar dai su a wani tauraro suke. Wanda ya tafi a farkon 1968 ya dawo a 1969 ya tarar an harbe Martin Luther King, an harbe Robert Kennedy, unguwanni sun ƙone, ɗalibai na zanga-zangar ƙin yaƙin da ya baro abokansa a ciki. Shekara ɗaya ce a kalanda, amma ƙasar da ya bari ba ita ya tarar ba. Amurkawa wajen miliyan 2.7 ne suka yi aiki a Biyetnam, fiye da 58,000 ba su dawo da rai ba. Likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar ma sai a 1980 suka shigar da ciwon firgitar da ke bin wanda ya ga tashin hankali cikin littafinsu na cututtuka.

Haldeman bai ƙago wannan baƙunta ba. Ɗaukarta ya yi ya ninka, har ta yi girman da wanda bai je ba zai iya gani. A zagaye na gaba ɗaruruwan shekaru ne ke wucewa. Mandella ya zama manjo, ba don gwaninta ba, sai don ya fi kowa daɗewa bai mutu ba, yana shugabantar yaran da harshensu ma ya sauya, al'adunsu sun zame masa abin ƙyama, nasa sun zame musu. Da aka raba shi da Marygay aka tura su wurare dabam, rabuwar daidai take da mutuwa, don ko duk sun tsira, mai yiwuwa ƙarnuka ne za su shiga tsakanin dawowarsu. Daga ƙarshe, bayan shekara 1,143, aka sami hanyar magana da Tauran, sai ta bayyana cewa rashin fahimta ne ya tada yaƙin, manyan soja na duniya kuma suka rura shi.

Wani abin lura shi ne, da aka fara buga labarin kashi-kashi a mujallar Analog daga 1972, editanta Ben Bova ya ƙi ɓangaren da ya fi nuna ɗacin dawowa gida, wai ya yi duhu da yawa. Aka rubuta mai sauƙi aka sa a madadinsa. Sai a shekarun 1990 aka mayar da na asalin. Ashe ko cikin lulluɓin ma, labarin dawowar soja ya fi labarin yaƙinsa wuyar haɗiya.

WANI NA YABO, WANI NA KUKA

Ba duk littattafan wannan reshe ne ke kuka da soja ba. Shekara 15 kafin na Haldeman, watau a 1959, Robert Heinlein ya fitar da Starship Troopers. Heinlein ya gama makarantar hafsoshin ruwa ta Amurka a 1929, tarin fuka ya raba shi da aiki a 1934, bai taɓa shiga fagen fama ba. Littafinsa yabon kurtu ne: horo, biyayya, da amanar da ke tsakanin saja da yaransa. A ƙasar da ya ƙaga, wanda ya yi wa gwamnati hidima ne kaɗai ke da ikon jefa ƙuri'a, abokan gāba kuwa ƙwari ne manya. An yi ta cacar baki a kan siyasar littafin har yau, amma ya sha shiga jerin littattafan da rundunonin Amurka ke ba sojojinsu shawarar karantawa. Ba wuya ka sami tsohon soja da ke ƙaunar littattafan biyu, kuma ba saɓani a ciki. Ɗaya yana tuna masa yaron da ya shiga soja, ɗaya kuma mutumin da ya fito. Heinlein kansa ya taya Haldeman murna da ya ci kyauta, Haldeman kuma ya ce wannan ya fi masa kyautar daɗi.

Akwai kuma David Drake, wanda aka ɗibe shi yana tsakiyar karatun lauya a Jami'ar Duke. A 1970 yana tare da runduna ta 11 ta motocin sulke a Biyetnam da Kambodiya, aikinsa yi wa fursunoni tambayoyi. Ya dawo ya gama karatunsa, ya zama lauyan hukumar garin Chapel Hill, a ido lafiya lau. Da dare kuwa yana rubuta labaran sojojin haya masu tankoki a waɗansu duniyoyi, waɗanda aka tara a Hammer's Slammers a 1979. Sojojinsa suna kisa ba tare da marubucin ya tsaya ya ce tir ba, saboda haka waɗansu masu sharhi suka zarge shi da son jini. Shi kuwa ya sha faɗin cewa rubutun magani ne ya yi wa kansa, kuma haka abin yake ga wanda ke cikinsa: ba ya jin kome, sai daga baya. A littafinsa Redliners na 1996, wanda ya ce shi ne ya fi muhimmanci gare shi, sojojin da yaƙi ya lalata ne aka haɗa da farar hula a tafiya mai haɗari, har farar hular suka ga da idonsu abin da ake yi da sunansu. Drake ya rasu a Disamban 2023. Tun kafin su duka biyun, Kurt Vonnegut, wanda yana fursuna a birnin Dresden na Jamus sa'ad da aka ƙone shi da bama-bamai a Fabrairun 1945, ya yi fiye da shekara 20 yana fama da labarin, bai fito ba sai a 1969, bayan ya sa halittun wata duniya a ciki da wani soja da lokaci ya kwance masa.

Sunan littafin Haldeman ya riga ya fita daga hannunsa. Wani ɗan jarida, Dexter Filkins, ya sa wa littafinsa na 2008 kan Iraki da Afganistan wannan suna, 'yan siyasar Amurka kuma suka riƙa kiran yaƙin Afganistan na 2001 zuwa 2021 da shi. Sojojin wannan zamani ba na tilas ba ne, amma an riƙa mayar da su fage sau uku, sau huɗu, waɗansu ma an riƙe su bayan wa'adinsu ya cika. Takardar canjin da aka miƙa wa Mandella a duniyar wata ba baƙuwa ba ce gare su.

Amma fa lulluɓin nan yana da tsada, kuma ba sojan Amurka ke biya ba. In aka mai da abokin gāba ƙwaro, ko halittar da ba ta magana, an sauƙaƙa wa mai karatu, an kuma shafe fuskar wanda aka yaƙa. Gaskiya ne haka ake koya wa kurtu ya ga abokin gāba, Haldeman kuma ya san haka, shi ya sa ya nuna ƙiyayyar a matsayin abin da aka dasa, ya kuma ƙare labarin da ranar da aka yi magana. Duk da haka Tauran ba su da suna, ba su da uwa, ba mai jiran dawowarsu. Mutanen Biyetnam kuwa suna da su. Gwamnatinsu ta ce a 1995 wajen mutum miliyan 3 ne suka mutu, soja da farar hula. Wani daga cikin sojojin Arewa, Bao Ninh, shi ma ya rubuta nasa littafin kan sojan da ya dawo Hanoi ya kasa zama, aka fassara shi da Turanci da sunan The Sorrow of War. Shi bai je taurari ba, dajin da ya sani ya rubuta, a tsaunukan nan na tsakiya inda Haldeman ya ji rauni. Su 500 ne suka tafi a rundunarsa a 1969. Goma suka dawo.