Me ya sa sabon ƙarfe ke ƙin shiga inji ko da awonsa ya yi daidai?

Manoman rani a fadamomin Shinkafi da Zurmi sun san wannan matsala. Murfin injin ban ruwa ya tsage, an kai wa maƙeri ya sassaƙa sabo, an auna tsawo da faɗi duk sun yi daidai, amma da aka zo ɗaurawa sai ramukan kusoshi suka ƙi haɗuwa.

Asarar ba ta kuɗin ƙarfe kaɗai ba ce. Shuka na iya bushewa cikin 'yan kwanaki, kuma komawa Ƙauran Namoda ko Gusau na nufin sake bin hanyoyin da suka sha fama da hare-haren 'yan bindiga.

Sau da yawa laifin ba na maƙerin ba ne. Zanen da aka ba shi ne bai faɗi daga inda za a fara awo ba.

Tushen awo

Injiniyoyi na kiran wurin da ake fara awo datum, wato tushen awo.

Akwai misali a Ƙauran Namoda, inda layin dogo daga Zariya ya iso a 1929. Faɗin layin milimita 1,067 ne, kuma ana auna shi ne daga gefen ciki na ƙarfe ɗaya zuwa gefen ciki na ɗayan. Wanda ya auna daga waje zai sami wani adadi dabam.

Haka abin yake ga murfin inji. Ana zaɓar tushe uku bi da bi. Na farko, A, shi ne fuskar da murfin ke zama a kanta, kuma yana taɓa teburin awo a wurare uku aƙalla. Na biyu, B, gefe ne da ke taɓawa a wurare biyu, na uku kuma, C, a wuri ɗaya. Da haka ƙarfen ba zai iya zamewa ko juyawa ba.

Jerin yana da muhimmanci. Idan aka sa B gaban A, ƙarfen zai zauna ta wata fuska, sakamakon awon kuma ya sauya.

Yadda ake yi a kwamfuta

A manhajojin zane irin su AutoCAD da SolidWorks, mai zane kan zaɓi fuskar da yake so, ya liƙa mata harafi a cikin ɗan akwati. Daga nan sai ya ƙara wani akwati mai ɗauke da alamar abin da ake bukata, da iyakar kuskuren da aka amince da shi, da haruffan tushen awo.

A nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe. A fuskar kwamfuta kowane layi miƙaƙƙe ne, amma ƙarfen da ya fito daga injin sassaƙa ba haka yake ba. Saboda haka shi kansa tushen sai an sa masa iyaka.

Ana bayyana yadda fuskar A za ta kasance a shafe, alal misali kada tudu da kwarinta su wuce milimita 0.05. Sannan a bayyana yadda B zai tsaya cak a kan A. Bayan haka ne ake tsayar da mazaunin ramuka.

Manhaja ba ta san fuskar da za ta manne da jikin inji ba. Mai zane ne zai yanke wannan shawara, kuma idan ya zaɓi fuskar da ba ta aiki, kwamfuta za ta karɓa.

Asalin tsarin

Ana danganta tsarin da Stanley Parker, wanda ya yi aiki a wata masana'antar makaman ruwa a Scotland a wajajen 1940. Ya lura cewa ana watsi da ƙarafan da za su iya aiki, saboda ana auna kuskuren rami cikin murabba'i alhali ramin da'ira ne.

Da'irar da ta kewaye murabba'in na ba maƙeri ƙarin sarari na kashi 57 cikin ɗari, ba tare da ingancin aikin ya ragu ba.

A yau ƙa'idojin na cikin kundin ASME Y14.5 na Amurka da kuma ISO 1101 da ISO 5459 na ƙasa da ƙasa.

Ga ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, amfanin a bayyane yake. Zanen da ya fayyace tushen awonsa ana iya tura shi ta waya ga maƙeri a Kano ko kasuwar Panteka ta Kaduna, ƙarfen ya iso Shinkafi ya shiga mazauninsa a karon farko.