Na'urar sanyaya ɗaki: laifin tiyo ne ko na inji?

A ƙasar Tasawa da Mayahi, zafin bazara yakan wuce digiri 40 cikin watannin Afrilu da Mayu. Shi ya sa ake kafa na'urar sanyaya ɗaki mai inji guda a waje, wanda ke raba sanyi ga ɗakuna da dama. Kowane ɗaki da tiyon tagulla biyu: siriri yana kai gaz, kakkaura yana maido shi.

Sau da yawa ana tuhumar inji, alhali kuskuren yana wurin haɗin tiyo. Idan an kunna ta ɗakin farko amma ƙanƙara ta kama ta ɗaki na biyu, an sarƙe tiyo da waya ne. Sai a kunna su ɗaya bayan ɗaya don gane mai laifi. Idan sanyi yana raguwa kullum, gaz ke yoyo: a shafa ruwan sabulu a bakin mahaɗa, inda kumfa ta taso nan ne. Tiyon da ya lanƙwashe kuwa yana shaƙe gaz, har inji ya ƙone.

Ya ku ma'aikata, musamman na nesa da gari kamar Korgom, inda kiran mai gyara ke cin kuɗi: kada ku karɓi aiki sai an zuƙe iska da laima daga tiyo, an gwada kowane ɗaki a gabanku. Kada a zuba gaz R22 cikin na'urar R410A. Kayan hukuma dukiyar jama'a ce, rigakafi kuwa ya fi magani.