Yawo a bakin Gulbin Maraɗi

Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, da damina kaɗai yake gudu. Inda aka sare itatuwa, ruwa yakan ci gaɓa, rairai ya rufe gonaki. Inda manoma suka bar gawo da bagaruwa suka sake girma, tsuntsaye sun dawo.

In kun je, ku yi shiru, ku duba launi da ƙafafu. Balbela fara ce, tana bin shanu. Zalɓe tokatoka ne, yana tsaye cikin ruwa, yana jiran kifi. Shamuwa baƙa ce mai farin ciki. Zuwanta alamar damina ce, shi ya sa ba a jifarta.

Guza da damo fa? Ku razana su: mai faɗawa ruwa shi ne guza.