Rijiyar da Ta Ba da Wuta Maimakon Ruwa

A shekarar 1987 masu haƙar rijiyar burtsatse suka sauka a ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, kimanin kilomita 60 daga Bamako. Sun nutsa fiye da mita 100, ko ɗigon ruwa babu, sai wata iska da ke busowa daga ramin. Wani ma'aikaci ya leƙa da taba sigari a bakinsa, nan take wuta ta tashi masa a fuska. Ya ƙone, amma da sauran shan ruwansa a duniya. Harshen wutar shuɗi ne, babu hayaƙi, kuma sai da aka yi makonni kafin a kashe ta a toshe ramin. Mutanen gari suka ƙaurace wa wurin, suna ganin ba lafiya ba.

Haka rijiyar ta zauna shekara da shekaru, har attajiri Aliou Boubacar Diallo ya sami izinin neman mai a yankin. Kamfaninsa, Petroma, wanda yanzu ake kira Hydroma, ya buɗe ta ya auna iskar: kashi 98 cikin ɗari haidirojin ce. A 2012 aka haɗa ta da janareta, ƙauyen ya sami lantarki.

Wannan iskar fa ita ce Turai da Japan ke kashe maƙudan kuɗi wajen samarwa, ko dai daga iskar gas, ko ta hanyar raba ruwa da ƙarfin lantarki. A cikin mota, wata na'ura ce ke haɗa ta da iskar shaƙa ta ba da lantarkin da ke juya ƙafafu, ruwa kaɗai ke fita ta salansa. Ajiyarta ce jan aiki. Ba ta da nauyi sosai, don haka manyan motocin Hyundai da suka fara dako a Suwizalan a 2020 sai an danna musu ita cikin tankuna da matsi ninki 350 na iskar da muke ciki.

Wanda ya taɓa ganin jerin tirelolin Kwatano a Malanville, suna jiran haye gada zuwa Gaya, injuna na ruri, hayaƙin dizal na shiga hancin masu talla, ya san wa ya fi buƙatar irin wannan mota. Ya kamata jami'o'inmu su aika ɗalibansu Burakebugu su koyi yadda ake gane wannan iskar, su dawo su duba ƙarƙashin tamu ƙasar.