Kalmar "Pound" ta Turanci da Tushenta Uku

Kalmar "pound", wadda Hausa ta ara ta mayar da ita "fam", tana cikin kalmomin Turanci masu rikita mai koyo, domin wani lokaci tana nufin ma'aunin nauyi, wani lokaci kuɗin Birtaniya, wani lokaci kuma daka ko duka, sannan da ita ake kiran shingen da hukuma ke tsare dabbobin da suka ɓata. Masana asalin kalmomi, wato masu bin salsalar kalma daga tsofaffin rubuce-rubuce, sun tabbatar cewa kalmomi uku ne masu tushe daban-daban suka haɗu a rubutu ɗaya da lafazi ɗaya.

Mafi daɗewar tarihi a cikinsu ita ce ta nauyi, wadda ta samo asali daga Latin, harshen Rumawa. Rumawa suna da ma'auni mai suna "libra", wanda ya kai kimanin giram 327, kuma sukan ce "libra pondo", ma'ana libra guda bisa awon nauyi. Da ƙabilun arewacin Turai suka shiga cinikayya da su, sai suka riƙe "pondo" suka yar da sunan ma'aunin kansa, aka sami "pund" a tsohon Turanci da "Pfund" a Jamusanci. Abin sha'awa shi ne libra ba ta mutu ba, ta dai koma rubutu, domin daga gare ta aka samo "lb" da ake rubutawa a kan kayan awo, haka nan alamar £ harafin L ne da aka ƙawata. Ke nan Bature yana furta rabin maganar Rumawa da baki, yana rubuta ɗaya rabin da hannu. Wata yarjejeniya ta shekarar 1959 ce ta tsayar da nauyin fam na yau a kan kilogiram 0.45359237.

Ma'anar kuɗi daga ta nauyi ta tsiro, saboda a Ingila ta dā ana lissafin cewa kwabban azurfa 240 su ne nauyin fam guda na azurfa, sai sunan awon ya zama sunan kuɗin. Kwabo 12 shi ne sule, sule 20 kuma fam, kuma wannan lissafi bai kau a Birtaniya ba sai ranar 15 ga Fabrairu 1971, lokacin da aka raba fam gida 100. Wancan lissafi na kwabo da sule da fam shi ne tsarin da mulkin mallaka ya kawo Nijeriya, inda naira ta gaji fam ranar 1 ga Janairu 1973 bisa naira 2 a fam guda, abin da ya sa har yau Bahaushe ke kiran naira 200 "jaka", wato fam 100 na dā.

Sauran biyun ba su da wata dangantaka da Rumawa. Ta daka ta fito daga aikatau na tsohon Turanci "punian", wato niƙa ko farfasawa, kuma tun asali ba ta da harafin d, daga baya ne bakin jama'a ya liƙa mata shi, kamar yadda ya faru da "sound". Ta shingen dabbobi kuwa 'yar'uwar "pond" ce, wato kududdufi, domin da farko ruwan da aka datse aka killace shi ake kira "pond".