Gwanjon masu tafiya: yadda na tsinci kaina ina tara tsofaffin injinan wanke-wanke a Doha

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani abokin aikina ya turo mini sanarwa ta WhatsApp: wata Ba'amurkiya za ta bar Qatar, tana sayar da duk abin da ke gidanta. Firji nake nema a lokacin, don namu ya fara ɗumama ruwa maimakon sanyaya shi. Na ɗauki tasi na tafi.

Na tarar an riga ni ga firjin. An liƙa wa kowane abu 'yar takarda da farashinsa, tun daga kujeru har cokula. A wani lungu na kicin sai na ga wani akwatin ƙarfe kore, tsawonsa ya kai ƙuguna, samansa katako ne mai kauri, ƙasansa tayoyi huɗu. Babu takarda a jikinsa. Ni aikina gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba.

Matar, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a ɗaya daga cikin jami'o'in Education City, ta ce injin wanke kwanuka ne na mahaifiyarta, KitchenAid na shekarun 1970. Ta ce da tsohuwar ta rasu aka yi gwanjon kayan gidanta, shi kaɗai ta janye ta hana a sayar, ta sako shi a kwantena har Doha. Yanzu kuma ɗan ƙaramin ɗaki za ta koma, ba shi da wurin zama a can.

Na ce, "Nawa za ki bar mini?"

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kawo riyal 150. Amma ka yi mini alkawari ba za ka sayar wa masu awon ƙarfe ba."

Na yi alkawarin. Na fita neman firji, na dawo gida da injin wanke-wanke a bayan a-kori-kura. Yau guda huɗu gare ni.

Injin ɗan haya

Ga wanda bai san shi ba, injin wanke kwanuka iri biyu ne. Akwai wanda ake girkewa a cikin kicin, a haɗa shi da bututun ruwan gida, ya zauna daram. Akwai kuma na tafi-da-gidanka, irin nawa. Shi turo shi ake yi zuwa bakin kwamin wanke-wanke, a maƙala tiyonsa a bakin famfo, a sa filoginsa a wuta. Ya ja ruwa ta tiyo ɗaya, ya fesa wa kwanukan da ƙarfi, ya dawo da ruwan dauɗa ta ɗayan. In ya gama a cire, a mayar da shi lungu, samansa ya zama teburin yanka albasa.

Injin wanke-wanke na farko da ya samu karɓuwa a kasuwa na wata mace ne, Josephine Cochrane ta jihar Illinois a Amurka, wadda ta samu takardar mallakar fasaharsa a ranar 28 ga Disamba, 1886. Ta nuna shi a babban bikin baje koli na Chicago a 1893, kuma otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye. Kamfanin Hobart ya mallaki kamfaninta a 1926, sannan a 1949 ya fito da na gida da sunan KitchenAid. A Turai kuwa kamfanin Miele na Jamus ya ƙera mai aiki da lantarki a 1929. Masu tayoyin sun yi tashe daga shekarun 1950 zuwa na 1970, lokacin da galibin gidaje ba a gina su da gurbin injin ba, kuma ɗan haya ba shi da ikon fasa kicin ɗin mai gida. An yi shi ne domin mutumin da ya san wata rana zai tashi.

Da na fahimci haka sai na ji injin ya shiga raina. Mu ma ai 'yan haya ne a ƙasar nan, dukkanmu.

Gadon mai rai

A Amurka, kamar yadda matar ta bayyana mini, in mutum ya rasu magada kan ɗauko kamfani ya sa wa komai farashi, a buɗe gidan kwana biyu ko uku, kowa ya shigo ya zaga har uwar ɗaka. Ranar ƙarshe a karya farashi. Masu tara tsofaffin kaya tun asuba suke layi a ƙofa.

A Doha ba a jira mutum ya mutu. Mutanen ƙasar nan sun kai kusan miliyan 3, kuma mafi yawansu baƙi ne. Izinin zamanka yana rataye da aikinka. Ranar da aiki ya ƙare, ka fara ƙirga kwanaki. Akwai dokar 2018 da ta ba da damar zaman dindindin, amma mutum 100 kacal ake bai wa a shekara, kuma wanda aka haifa a waje sai ya yi shekara 20 a ƙasar kafin ya nema. Saboda haka injiniya da malamin jami'a da direba, kowa ƙarshensa ɗaya ne: ya baza kayansa a shafin Qatar Living ko Mzad Qatar ko Facebook, ya rubuta cewa zai bar ƙasa. Abin da bai samu mai saye ba, 'yan Suk Haraj na unguwar Najma su zo su kwashe a farashin da suka ga dama. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. A nan raɓar tana sayar da katifarta kafin rana ta take.

Bayan an kammala gasar cin kofin duniya a ranar 18 ga Disamba, 2022, na ga abin da ban taɓa gani ba. Kwantiragi da yawa sun ƙare a lokaci guda, kaya suka cika kasuwa. A watannin nan na samu biyu: wani ɗan ƙaramin Bosch na ɗorawa a kan tebur, daga hannun wasu ma'aurata 'yan Lebanon, da wani tsohon GE mai buɗewa ta sama, wanda na tsamo a Suk Haraj daga ƙarƙashin tulin tabarmin roba. Mai shagon, wani dattijo ɗan Pakistan, ya ɗauka injin wankin tufafi ne da ya lalace. Na huɗun kyauta aka ba ni, don mai shi jirginsa da daddare zai tashi kuma mai gidan haya ya ce kada a bar masa ko tsinke.

Rikicin gwauraye

Mu shida muke zaune a gida ɗaya: uku daga Kano, ɗaya daga Zariya, biyu daga Maraɗi. Albashinmu bai kai abin da doka ta gindaya kafin mutum ya kawo iyali ba, don haka gidan gwauraye ne. A cikinmu babu wanda ya taɓa wanke kwano a gidan ubansa. Akwai ƙanne mata, akwai almajirin gida, daga baya ga matan aure. Mun iya cin tuwo, amma ba mu taɓa tambayar wa ke kankare tukunyar ba.

Mun rubuta jadawali mun liƙa a ƙofar kicin, bai yi mako biyu ba. Na ga magidanta biyu, kowanne da 'ya'ya a gida, sun yi kwana uku ba sa gaisawa a kan tukunyar miyar kuka. Ranar da koren injin ya fara aiki, dukkanmu muka tsaya a kansa kamar masu kallon ƙwallo. Babban cikinmu, wanda muke kira Baba, ya buɗe ya ɗauko faranti ya duba gaba da baya, ya ce, "Ikon Allah. To tukunyar fa?"

Na ce, "Baba, ƙanzo sai hannu."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Ya saka wa matanmu da alheri." Daren nan na ji shi a waya yana tambayar maiɗakinsa ko har yanzu a tsugune take wanke-wanke, da ciwon bayan nan nata.

Kafin ka saya

Duk wanda ya ci karo da irin wannan injin, ga abin da aiki ya koya mini. Fara da ƙaramin allon ƙarfe da ke jikinsa. Wutar Qatar bolt 240 ce, filoginta mai baki uku irin na Ingila, kusan daidai da ta Najeriya. Kayan Amurka kuwa bolt 120 suke sha. In ka soka shi kai tsaye, ka gama da shi. Sai da taransifoma, kuma babba, domin abin dafa ruwan da ke ciki yana jan wuta sosai. Ko da taransifomar ma, wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, don haka injin zai riƙa juyawa a hankali kuma ya fi saurin ɗaukar zafi.

Na biyu, duba roba. Zafin ƙasar nan yana cinye tiyo da robar bakin ƙofa, musamman in kayan sun yi bazara a sito. Lanƙwasa tiyon, in ka ga tsaga to sai an canza. Na uku, jawo kwandunan ciki ka duba tsatsa. Na huɗu, kada ka kuskura ka zuba masa sabulun ruwa na wanke-wanken hannu. Mun gwada sau ɗaya, kumfa ta kai har falo.

Sai kuma ruwa. Na zamani yakan gama da abin da bai wuce lita 10 zuwa 12 ba. Koren nawa na tara ruwansa a bokiti na auna, ya haura lita 30. A ƙasar da ruwan famfonta daga teku ake tace shi, wannan abin dubawa ne. Shi ya sa ba ma kunna shi sai ya cika maƙil.

Jeren Hajiya

Maiɗakina, in muna waya ta hango su a bayana, takan ce, "Malam, mutane na tara riyal, kai kana tara bola." Gaskiyarta. Uku suna ajiye a siton wani abokina a Sana'iyya, kuma ba kyauta ba. Na daɗe ban ba ta amsa ba, don ni ma ban san amsar ba.

Hajiyarmu ta rasu a 2020, lokacin korona, filayen jiragen saman Najeriya a rufe. Ban samu jana'iza ba, ban samu zaman makoki ba. Ɗakinta a cikin birnin Kano jere ne tun daga ƙasa har rufi: tasoshi na tagulla da ta gada, kwanukan sha masu fure, langa-langa, samiru, fanteka. Kowace ƙwarya da kwano ta san ranar da ya shigo, wanne na aurenta ne, wanne ta saya da kuɗin adashi, wanne ta tanada don auren wace 'ya. Duk shekara kafin Sallah sai an sauke su an wanke an mayar, kuma ban taɓa sa hannu ba.

Da aka zo rabon gado, babu mai son tsohon kwano. 'Yan'uwana mata ɗakunansu sun cika da tangaran da kayan gilashi. Aka kira dillaliya ta yi musu kuɗi a dunƙule, aka raba kuɗin yadda shari'a ta ce, ragowar da suka fashe 'yan jari-bola suka auna. Ba wanda ya yi laifi. Kasona ya iso mini ta banki. Da na je gida a 2021, na shiga ɗakin na tarar da bango fayau, sai shatin inda kabet ya tsaya.

Watanni kaɗan bayan na dawo na haɗu da Ba'amurkiyar nan. Ita ta tsallaka teku da injin mahaifiyarta mai nauyin fiye da kilo 50. Ni ko murfin langa ban ce a ajiye mini ba, alhali kira ɗaya ya isa. Ina jin abin da ya sa na yi mata alkawari ba tare da ciniki ba ke nan.

A ƙasar nan akwai masu tara kayan da na gaske. Gidan tarihin Sheikh Faisal bin Qassim Al Thani da ke Al Samriya, wanda aka buɗe a 1998, tarin mutum ɗaya ne: tsofaffin motoci, darduma, makamai, kuɗaɗen da. Shi yana da ƙasa da filin da zai ajiye. Irina kuwa riƙo kawai muke yi, daga hannun mai tafiya zuwa hannun wanda bai tafi ba tukuna.

Nawa lokacin

Kwantiragina zai ƙare ƙarshen shekarar nan, kuma an gaya mana ba za a sabunta wa sashenmu ba. Jaka biyu jirgi zai ɗaukar mini, kowacce kilo 23. Ko da na biya kuɗin kwantena, me injin zai yi a unguwarmu? Yana son famfo mai ƙarfi da wuta tsayayya, mu kuwa ruwanmu daga 'yan garuwa yake, wuta kuma sai ta ga dama.

Don haka na fara nawa gwanjon. Ƙaramin Bosch ɗin na bai wa wasu ɗalibai mata 'yan Najeriya da ke haya tare. Biyu na sa su a kasuwa. Koren kuwa yana nan a gidan gwauraye. Na koya wa ƙaramin cikinmu, yaron Maraɗi, yadda ake canza tiyo da yadda ake duba taransifoma, na kuma karɓi alkawari a bakinsa irin wanda aka karɓa a nawa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kamar amanar marayu." Na ce masa ya riƙe ta hakan.

Makon jiya na kira babbar yayarmu na tambaye ta ko akwai abin da ya rage na Hajiya. Ta ce akwai wata tasa guda da dillaliya ta ƙi ɗauka saboda ta lotsa a gefe, tana zuba wa kaji ruwa a ciki. Na ce don Allah ta wanke ta ajiye mini. Ta ce, "Kai da ke Qatar, me za ka yi da tsohuwar tasa?" Na ce ta dai ajiye.

Ɗan'uwa da ke Doha ko Jidda ko Landan, in tsofaffinka na raye, Allah Ya ƙara musu lafiya, ka tambaye su labarin kayan ɗakinsu tun suna iya ba ka. In sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, ka kira gida yau ka ce a ware maka abu ɗaya kafin dillaliya ta zo.